Jiran da Ba a Lissafawa a Shagon Gem

Daga Kwanar Ɗangora a bi titin Jos zuwa Tudun Wada, a ratsa dajin Falgore a faɗa ƙasar Doguwa, da wuya ka wuce gari mai ɗan girma ba ka ga shagon gem ba. Haka abin yake a Kiru da Bebeji da Tiga. Ɗaki ne guda, benci biyu ko uku, talabijin a bango, ƙaramin janareto na kuka a waje, yara biyu na buga ƙwallo da yatsu, goma na tsaye a kansu suna ba da shawara. Yawanci PlayStation ake amfani da ita, amma akwai masu shagon da suka gwammace kwamfuta, domin da rana tana tura wa mutane finafinai da karatu da waƙoƙi a waya, da yamma kuma ta koma filin wasa.

Idan saurayi ya sayar da masararsa ko shinkafarsa da kaka, ya shiga Kano kasuwar Farm Centre ko titin Beirut neman kwamfuta 'yar Landan yus, tambayoyinsa biyu ne: nawa ce, kuma gig nawa ce. In aka ce masa tera ɗaya, wato gig dubu, sai ransa ya yi fari. In aka nuna masa wata mai gig 256 a kusan kuɗi ɗaya, sai ya ga kamar ana neman cutar sa. Dubu ai ta fi 256, ko ɗan firamare ya sani. Ba ya tambayar wace irin ma'ajiya ce a ciki, mai sayarwa kuma ba kullum yake damuwa ya faɗa ba. Sai an dawo gida, an kunna, yara sun zauna suna kallon layin lodi yana tafiyar hawainiya, wani ya ɗaga murya ya ce, "Oga, lokacina fa yana tafiya!"

Ma'ajiyar kwamfuta iri biyu ce a kasuwa. Akwai ta gargajiya, had-disk, wadda ake rubutawa HDD, akwai kuma SSD. Na taɓa ganin wani mai gyara ya kwance wata had-disk da ta mutu don ya nuna wa yaransa cikinta. Da ya ɗaga murfin sai ga faifai guda biyu, ɗaya bisa ɗaya, sumul, suna ƙyalli har kana ganin fuskarka a jiki. A gefe akwai wani siririn hannu na ƙarfe, a bakinsa wani ɗan ɗigo da sai ka ƙura ido za ka gan shi. Wannan ɗigon shi ke karatu, shi ke rubutu. Idan ma'ajiyar na aiki, faifan na juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, hannun na kai-komo a kansa ba tare da ya taɓa shi ba, yana shawagi a kan iskar da juyawar ke haifarwa, tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na kaurin silin gashi ba. Aiki ne na ban mamaki, kuma ban ga laifin wanda ya gan shi ya jinjina ba. Da mai gyaran ya buɗe SSD kuwa, babu abin kallo: ɗan koren allo ne da wasu baƙaƙen ƙwayoyi masu kusurwa huɗu da aka liƙe da narkakkiyar kuza, irin kuzar da aka daɗe ana haƙa a Riruwai. Babu abin da ke juyawa, babu abin da ke motsi. Danginta ɗaya da memorin waya da filash, sai dai ta fi su inganci da sauri nesa ba kusa ba.

Bambancin saurinsu kala biyu ne, kuma na biyun ne ba a cika faɗa ba. Na farko shi ne yawan abin da ma'ajiya ke iya kwararowa a daƙiƙa ɗaya idan kayan a jere suke. Had-disk mai kyau takan ba da megabait 100 zuwa 200. SSD mai shiga ramin da had-disk ke shiga, wadda ake kira SATA, takan kai kusan 550. Ƙaramar nan mai kama da tsinken cingam da ake kira NVMe takan kai 3,500, sababbinta 7,000 ko fiye. Waɗannan lambobin su ake bugawa a jikin kwali.

Na biyun shi ne lokacin nema. Kafin had-disk ta karanta komai, sai hannun ya tafi layin da abin yake, sannan ya jira faifan ya juyo da wurin zuwa ƙarƙashinsa. Faifan da ke juyawa sau 7,200 a minti yana zagaye 120 a daƙiƙa, jiran rabin zagaye kuwa ya ɗan haura milisakan huɗu, wato kashi huɗu cikin dubu na daƙiƙa. A haɗa da tafiyar hannun, sai a samu wajen milisakan 12 a kowane nema. Mutum zai ce wannan ai ko ƙiftawar ido bai kai ba, kuma gaskiya ne. Amma a ce wasa na bukatar ƙananan fayiloli dubu goma da ke warwatse: ciyawar fili, fuskokin 'yan wasa, rigunansu, ihun 'yan kallo, muryar mai sharhi. Milisakan 12 sau dubu goma minti biyu ke nan cur, kuma ba a karanta komai a cikinsu ba, nema kawai aka yi. SSD ba ta da hannun da zai yi tafiya, nemanta bai wuce kashi ɗaya cikin goma na milisakan ba. Wannan aikin a daƙiƙa ɗaya za ta gama shi.

Ka ɗauki ɗan kasuwa a Kwanar Ɗangora mai katafaren sito a bayan kasuwa da yaro ɗaya tal. Idan mai saye ya ce a ba shi buhun shinkafa goma, yaron zai je sau ɗaya da baro ya kwaso, domin wuri ɗaya suke. Idan kuwa wata ta zo da dogon lissafi, ashana da gishiri da sabulu da man gyaɗa da zare da allura, kowanne a lungunsa, yaron zai yi ta safa da marwa har ta gaji da tsayuwa, ko da kuwa kayan duka ba su cika leda ɗaya ba. Ƙara girman siton ba zai rage mata tsayuwa ba. Wasannin zamani da Windows kansa masu dogon lissafi ne, shi kuwa fim buhun shinkafa ne. Shi ya sa kwamfutar da ke tura fim lafiya lau take yin sulo da zarar an buɗe wasa.

Had-disk tsohuwa ce mai tarihi. Kamfanin IBM na Amurka ya fito da ta farko a 1956, da faifai 50 masu faɗin inci 24 kowanne, nauyinta wajen tan guda, abin da take ɗauka kuma bai kai megabait biyar ba, wato kamar waƙa ɗaya a wayar yau. Fasahar da SSD ta dogara a kai kuwa wani injiniya ɗan Japan, Fujio Masuoka, ya ƙirƙiro ta a kamfanin Toshiba cikin shekarun 1980. A 1991 an sayar da SSD mai megabait 20 a kan dala 1,000. Tsada ce ta hana ta yaɗuwa shekara da shekaru, ba rashin sanin amfaninta ba.

Masu ƙera wasanni sun daɗe suna fama da wannan jira, suna ɓoye shi da dabara. Duk wanda ya taɓa ganin jarumin wasa ya matse jikinsa yana ratsa tsagar dutse a hankali, ko ya shiga lif ya tsaya shiru, ko ya bi wani dogon lungu da babu komai a ciki, sau da yawa abin da ake yi shi ne a shagaltar da shi har had-disk ta gama ɗauko gaba. PlayStation 4, wato PS4, wadda ta fito a 2013 kuma ita ce ta cika shagunanmu, had-disk mai juyi 5,400 ce a cikinta. Mark Cerny, wanda ya jagoranci tsara PS4 da PS5, ya bayyana cewa a wasan Spider-Man akwai abubuwan da aka maimaita ajiye su har sau 400 a faifai, don kawai hannun ya same su kusa ba sai ya yi doguwar tafiya ba. A 2019 ya nuna wa wani ɗan jarida tsallakawa daga wata unguwa zuwa wata a wannan wasan: daƙiƙa 15 a PS4 Pro, ƙasa da daƙiƙa ɗaya a sabuwar na'urar. Da PS5 ta fito a Nuwamban 2020, SSD ce a cikinta mai kwararo gig biyar da rabi a daƙiƙa. Tunda kiɗa ya canza, rawa ma ta canza: a 2023 wasan Starfield ya fito da sharaɗin sai da SSD, masu wasan Cyberpunk 2077 ma a shekarar suka daina lamunce wa had-disk.

Ga mai shago wannan magana ce ta kuɗi. In da lokaci yake karɓa, yaro ne ke biyan kuɗin kallon layin lodi, kuma yaran nan ba wawaye ba ne, sun san shagon da ke cin lokacinsu. In kuma da wasa yake karɓa, shi ke asara, domin janareto ba ya daina shan fetur don wasa na lodi. A ce kowane wasa ana jiran minti ɗaya kafin a take leda, a ce kuma ana buga 40 a yini, minti 40 ke nan sun tafi, da an buga wasu wasannin a ciki. Babu mai rubuta wannan a littafin ciniki, domin ba a dunƙule yake zuwa ba. Asarar da ta zo gaba ɗaya, kamar talabijin ta ƙone, ita ake kwana ana jimami. Wadda ke zuwa minti-minti sai a saba da ita har a ɗauka haka Allah ya yi abin.

Sai dai akwai inda masu tallan SSD ke wuce gona da iri, kuma yana damuna, domin kuɗin gumin noma ne ake kashewa. SSD na rage jira, ba ta ƙara wa wasa santsi. Da zarar an gama lodi an shiga fili, aikin ya koma hannun firosesa da katin zane da ram. Su ke zana hoto 30 ko 60 a kowace daƙiƙa. Idan katin zanen rarrauna ne, ɗan wasa zai ci gaba da tafiya yana tsattsayawa ko da an sa masa SSD mafi tsada a Kano. Inda take taimakawa a tsakiyar wasa shi ne irin su GTA, masu faɗin gari, inda ake ɗauko tituna da gine-gine kana cikin gudu, ko kuma kwamfutar da ram ɗinta ya yi kaɗan har take aron wuri a ma'ajiya. Wasan ƙwallo kuwa, FIFA da ta koma EA Sports FC a 2023, ko PES da ta koma eFootball, fili ɗaya ne da 'yan wasa 22, an ɗauko su an gama. Haka kuma mai PS4 ta farko da ya sa SSD zai ga sauƙi, amma ba kamar yadda ya zata ba, domin ramin da ke cikinta tsohon yayi ne, abin da yake iya wucewa da shi bai fi megabait 300 a daƙiƙa ba. Ko tsakanin SSD ta SATA da NVMe, duk da lambar kwalin ta ninka sau shida ko fiye, bambancin lodi a yawancin wasanni 'yan daƙiƙu ne. Babban tsallen shi ne na barin faifai. Abin da ya biyo baya ƙari ne ga mai hali.

Akwai labarin da ya kamata duk mai gyara ya sani. Shekaru da dama masu buga GTA Online suna kukan daɗewar lodi, wasu na jiran minti biyar ko shida, da yawa sun sayi sababbin kaya abin bai canza ba. A Fabrairun 2021 wani mai ilimin manhaja da ke kiran kansa t0st ya zauna ya duba abin da kwamfutarsa ke yi a cikin waɗannan mintuna. Sai ya ga ma'ajiya na zaune ba ta komai, intanet ma haka, sashe ɗaya ne kawai na firosesa ke ta gumi. Da ya bi sawu sai ya gano wasan na karanta wani jerin kaya kusan 63,000, fayil ɗin bai fi megabait 10 ba, amma ta hanyar da ke sa shi maimaita ƙirga abu ɗaya sau dubbai. Ya gyara, lodin ya ragu da kusan kashi 70 cikin ɗari. Kamfanin Rockstar mai wasan ya tabbatar da gaskiyarsa, ya sa gyaran a wasan cikin watan Maris, ya ba shi dala 10,000. Miliyoyin mutane sun yi wannan jiran, mutum ɗaya ne ya tsaya ya tambayi ina lokacin yake tafiya.

Wannan tambayar ba ta bukatar digiri. A Windows, a danna Ctrl da Shift da Esc tare, allon da ake kira Task Manager zai buɗe, ya nuna nauyin da ke kan firosesa da ram da ma'ajiya da katin zane, kowanne da kasonsa cikin ɗari. A buɗe shi a daidai lokacin da kwamfutar ke hukin, a ga wane ne ya cika ɗari. In ma'ajiya ce ke ɗari sauran na hutawa, to SSD ce maganin, kuma sauyin zai ba mai shi mamaki, tsohuwar kwamfuta sai ta koma kamar sabuwa. In ram ne ya cika, ram za a ƙara. In katin zane ne, a rage ƙawar hoton ko a tara kuɗin wani. Minti biyar na dubawa kan hana mutum sayen abin da ba shi ne ciwon ba.

Abin lura a nan ya wuce kwamfuta. Muna da son babbar lamba da abin da ido ke gani, kuma idan aiki ya yi nawa mukan ƙara abin da muke da shi da yawa tun farko, mu bar wurin da ya shaƙe. Sau nawa aka ƙara gini a asibiti alhali layin a tagar kati yake, inda mutum ɗaya ke laluben fayil? Sau nawa aka sayo sababbin kwamfutoci a ofis alhali takarda sa hannun mutum guda take jira? Wanda ke tsaye a layin ya san inda yake tsayawa, mai kashe kuɗin ne ba ya zuwa ya duba. A shagon gem ma yaran sun fi Oga sanin ko kafin wasa ake jira ko a tsakiyarsa ake sarƙewa, kuma amsar wannan tambayar ita ce rabin binciken.

Kada kuma a yi wa had-disk butulci. Ga mai tura finafinai har yanzu ita ce rufin asiri, domin gig ɗinta ya fi arha sosai, fim kuwa a jere ake karanta shi, ba ya wahalar da ita. Rauninta shi ne girgiza. Kwamfutar da aka ɗaure a bayan babur aka bi hanyar ƙauye da ita, ko wadda yaro ya yi wa shuri don murnar ƙwallo tana cikin aiki, hannun nan na iya gogar faifan, abin da ke wurin kuma ya tafi ke nan. Amma sau da yawa takan yi gargaɗi kafin ta mutu: ƙas-ƙas ɗin da ba a saba ji ba, fayil ya ƙi buɗewa, nawa ta ƙaru. SSD ba ruwanta da girgiza, ba ta ƙara, wutar da take sha kaɗan ce, sai dai tana iya mutuwa rana tsaka ba sallama, kuma ceto abin da ke cikinta ya fi wuya. Tana da iyakar rubutun da za ta iya ɗauka, ko da yake mai kyau ta gig 500 kan jure rubutun tera 300, abin da mai buga wasa zai yi shekaru bai kusanta ba. Ba a kuma ajiye ta a akwati shekara da shekaru ba wuta a ce an adana hotunan biki, domin cajin da ke riƙe da bayanan na zurarewa a hankali, zafi kuma na hanzarta shi, mu kuwa mun san zafin watan Afrilu a ƙarƙashin kwano. Ƙurar hunturu ba ta cika shiga cikin ko wacce ba, fanka take toshewa, zafi ya taru, NVMe kuma idan ta yi zafi da kanta take rage gudu. Ɗaukewar wuta ana cikin rubutu na iya lalata fayil a dukkansu biyun, don haka ƙaramin UPS ko inbata ba ado ba ne ga mai aiki da janareto.

Araha kuma ba ta ado. Akwai jabun SSD a kasuwa, wadda za ta nuna tera ɗaya ko biyu alhali abin da ke ciki bai taka kara ya karya ba, sai ka zuba kaya su wuce iyakarta sannan na farko su fara lalacewa. Akwai tsohuwa da aka goge aka sa a sabon kwali. Manhajoji biyu na kyauta sun isa kariya: CrystalDiskInfo na nuna awa nawa ma'ajiya ta yi tana aiki da lafiyar da ta rage mata, H2testw kuma na cika ta da bayanai ta karanta don ta tabbatar da girman gaskiya. Mai sayarwar da ya ƙi a gwada a gabansa, a bar masa kayansa.

Tsarin da na fi ganin ya dace da mai shago a Kiru ko Tudun Wada shi ne a haɗa su biyun. SSD mai gig 256 ko 512 ta ɗauki Windows da wasa biyu ko uku da yara suka fi nema, a bar mata kamar kashi ɗaya cikin biyar babu komai domin takan yi nawa idan ta cika maƙil. Tsohuwar had-disk ta zauna a gefe da finafinai da wasannin da ba a cika bugawa ba. Abin da ba a son a rasa, a ajiye shi wuri biyu. Kafin kuma mutumin Doguwa ya hau mota zuwa Kano, ya sa a buɗe kwamfutar a duba ko tana da ramin M.2 na NVMe ko SATA kawai gare ta, ya ɗauki hoton cikin da wayarsa ya tafi da shi, domin yawancin tsofaffin 'yan Landan yus SATA kaɗai suke karɓa, kuma mai shagon Farm Centre ba lallai ya yarda ya karɓi kayan da aka riga aka yage kwalinsa ba.